Rigimar Tsirkiya: Yadda Zare Ɗaya Ya Raba Kan Malaman Lissafin Turai

A cikin kundin Cibiyar Kimiyya ta Barlin na shekarar 1747 akwai wata takarda da ta fito daga Faris. Marubucinta, Jean le Rond d'Alembert, bai wuce shekara talatin ba a lokacin, kuma tambayar da ya ɗauko ba ta da wani kwarjini a ido. Idan aka ɗaure tsirkiya a baki biyu, aka ɗame ta, sannan aka ja ta gefe aka saki, wace siffa za ta ɗauka bayan daƙiƙa ɗaya, ko rabin daƙiƙa, ko duk lokacin da aka ga dama? Amsar da ya bayar ta buɗe sabon babi a ilimin lissafi, ta kuma tayar da ƙurar da ta yi fiye da shekara talatin ba ta lafa ba. Manyan malamai uku na wancan ƙarni sun shiga cikinta dumu-dumu, kuma dukansu sun bar duniya ba su daidaita ba.

Tushen rigimar mafari ne. Wace irin siffa ce lissafi ya yarda yatsan makaɗi ya ba tsirkiya kafin ya sake ta?

Makaɗa sun daɗe da riga malamai sanin halin tsirkiya. Duk mai gurmi ko garaya ya san cewa in ya danne ta da yatsa ya rage tsawonta, muryarta sirancewa take yi, in ya ƙara ɗame ta ma haka, kuma tsirkiya mai kauri ta fi babbar murya. Girkawan da suka bi tafarkin Pythagoras ne suka fara sa wa wannan sani lamba, suka lura cewa rabin tsirkiya da kashi biyu cikin ukunta suna ba da muryoyin da ke tafiya daidai da ta cikakkiyarta. Al-Farabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya bi wannan hanya a babban littafinsa na ilimin kiɗa, inda ya auna wuraren ɗora yatsu a wuyan udu. A 1636 wani malamin coci a Faris, Marin Mersenne, ya tattara dokokin wuri ɗaya. In aka ninka tsawon tsirkiya, yawan kaɗawarta zai ragu da rabi. In kuwa ta hanyar ɗamewa ake so a ninka yawan kaɗawar, to sai an ninka nauyin da ke janta har sau huɗu. Domin ya tabbatar, ya shimfiɗa igiyoyi masu tsawon gaske waɗanda ke kaɗawa a hankali har ido na iya ƙirgawa.

Akwai wani gwaji da aka fara ba da labarinsa a Ingila a 1677, wanda Joseph Sauveur ya zurfafa bincike a kansa a Faris wajen 1701. A yanka 'yan gutsattsarin takarda, a lanƙwasa su, a jera a kan tsirkiya. A taɓa ta a hankali da gashin tsuntsu a daidai kashi ɗaya cikin uku na tsawonta, sannan a kaɗa. Nan take takardun za su yi tsalle su zube, ban da guda ɗaya, wadda ke zaune a daidai kashi biyu cikin uku. Ita ko gezau. Ashe tsirkiyar ta kasu uku, kowane kashi na kaɗawa, gaɓoɓin da ke tsakaninsu kuwa suna tsaye cik. Wannan ya nuna cewa tsirkiya ɗaya tana da muryoyi da yawa a cikinta. A 1713 Brook Taylor na Ingila ya lissafa yawan kaɗawar babbar muryar daga tsawo da nauyi da ɗauri, amma ya ɗauka cewa siffa guda ce tak tsirkiya ke da ita, lanƙwasa ɗaya sumul daga baki zuwa baki. A nan magana ta tsaya har d'Alembert ya shigo.

Shi d'Alembert tsintacce ne. A watan Nuwamba na 1717 aka same shi yana jariri a matakalar wata ƙaramar coci mai suna Saint-Jean-le-Rond, kusa da Notre-Dame, aka raɗa masa sunan cocin. Mahaifiyarsa, Madame de Tencin, fitacciya ce a cikin manyan Faris, amma ba ta taɓa karɓarsa a matsayin ɗa ba. Mahaifinsa, hafsan soja, shi ya ɗauki nauyin karatunsa, matar wani mai sana'ar gilashi kuma ta raine shi, ya ci gaba da zama a gidanta har ya doshi shekara hamsin. Tun a 1743 ya wallafa littafinsa a kan dokokin motsi, wanda ya fito da sunansa a Turai.

Dabarar da ya yi wa tsirkiya ita ce ya daina kallonta gaba ɗaya, ya ɗauki ɗan guntu ɗaya daga jikinta. Maƙwabtan wannan guntu biyu ne, na dama da na hagu, kowanne na jansa. In tsirkiyar a miƙe take a wurin, jan biyun sai su kashe juna. In kuwa ta lanƙwashe, sai a sami ragowar ƙarfi da ke tura guntun ya koma layi, kuma gwargwadon tsananin lanƙwasar, gwargwadon turin. Da ya haɗa wannan da dokar Newton, sai ƙa'ida ta fito: ƙaruwar gudun kowane guntu daidai take da lanƙwasar wurin, an ninka ta da wata lamba da ta dogara ga ɗauri da nauyin tsirkiyar. Ita ce ake kira ƙa'idar kaɗawa a yau. Sabon abu a cikinta shi ne abin da ake nema ya dogara ga abu biyu a lokaci guda, wuri da lokaci, alhali kalkulas ɗin da aka gada daga Newton da Leibniz ya fi sabawa da abu ɗaya.

Bai tsaya ga rubuta ƙa'idar ba, ya warware ta. Ya nuna cewa duk wani motsin tsirkiya haɗuwar siffofi biyu ne, ɗaya na tafiya dama, ɗaya na tafiya hagu, da gudu iri ɗaya, kuma ba sa sauya kama a hanya. A ɗauka ga igiya doguwa a ɗame, wadda motsi ke bin jikinta da gudun mita 10 a daƙiƙa. Wani ya ɗaga tsakiyarta ya yi ɗan tudu mai tsayin santimita 20, ya riƙe, sannan ya saki. Tudun rabewa biyu zai yi, kowanne santimita 10. Bayan daƙiƙa ɗaya, ɗaya yana mita 10 ta dama, ɗaya yana mita 10 ta hagu. Bayan daƙiƙa uku kowanne ya yi mita 30, tsakiyar igiyar kuwa ta daɗe da kwanciya. A littattafan jami'a na yau ana rubuta wannan da u(x,t) = ½[f(x − ct) + f(x + ct)], inda f ke nufin siffar farko, c kuma gudun motsin. Ma'anarsa a sarari take. Wanda ke son sanin tsayin igiya a wani wuri a wani lokaci, sai ya koma ga siffar farko, ya auna tazarar da motsi zai iya ci a wannan lokaci ta dama da ta hagu, ya ɗauki tsayin wuraren biyu, ya haɗa ya raba biyu. Duk abin da ke bayan wannan tazara ba ruwansa da amsar, domin labarinsa bai iso ba tukuna.

Ba kullum ake jan tsirkiya a saki ba. A cikin fiyano, ɗan guduma ne ke bugunta tana miƙe, wato ba ta da wata siffar farko sai dai gudun farko. Fomular ta tanadi wannan ma: a tattara gudun farkon duk guntayen da ke tsakanin wuraren nan biyu, a raba da ninki biyu na c, a ƙara a kan amsar. Abubuwa biyu ke nan ake buƙata, siffar farko da gudun farko, ba ƙari ba ragi, kamar dai dutsen da yaro ya harba da gwafa, wanda in aka san inda ya bar hannu da gudun da ya tashi da shi, an san inda zai faɗi. Wannan shi 'yan lissafi ke kira yanayin farko.

Saura bakin tsirkiya, inda aka ɗaure ta. Motsin da ya isa can ba ya wucewa, juyowa yake yi a kife, tudu ya koma kwari. In ya je ɗaya bakin ya sake kifewa, ya dawo inda ya fara da kamarsa ta asali. Tafiya da dawowa ninki biyu ne na tsawon tsirkiya, kuma daga wannan kaɗai dokokin Mersenne suka fito da kansu. Tsirkiya ta biyar a jita, mai tsawon santimita 65, tana kaɗawa sau 110 a daƙiƙa. Ke nan motsi na cin santimita 130 sau 110 a kowace daƙiƙa, wato yana gudun mita 143 a daƙiƙa a jikinta.

Sai dai d'Alembert ya gindaya sharaɗi. A ganinsa, wannan amsa ba ta aiki sai in siffar farko irin wadda fomula guda ɗaya ke bayyanawa ce, sumul ba karyewa, wadda kuma ita da kanta ke maimaita kanta a kife bayan kowane tsawon tsirkiya. In siffar ba haka take ba, to matsalar ta fi ƙarfin lissafi, a haƙura da ita.

Leonhard Euler bai yarda a haƙura ba. Haifaffen Basel ne a ƙasar Suwizalan, a 1707, ya yi shekara goma sha huɗu a Cibiyar Kimiyya ta Saint Petersburg kafin ya koma Barlin a 1741, kuma shi ne jigon lissafi a cibiyar da takardar d'Alembert ta sauka. Ya san kiɗa ƙwarai, har ya wallafa littafi a kan ilimin muryoyi a 1739. A 1748 ya rubuta tasa takardar. Hanyarsa ba ta yi nisa da ta d'Alembert ba, amma ya cire sharaɗin. Hujjarsa ita ce, mutum na iya ba tsirkiya duk siffar da ya ga dama kafin ya sake ta, kuma ba za ta ƙi motsi ba don kawai babu fomular da ta dace da siffar. A zana siffar da hannu a takarda, a kife ta, a jera kwafinta dama da hagu, sannan a bi ƙa'idar raba biyu. Amsa za ta fito, ko da fomula ko babu.

Misalin da ya fi kowanne sauƙi shi ne ya fi tsaya wa d'Alembert a maƙoshi, wato abin da kowane makaɗi ke yi kullum. Yatsa ya kama tsirkiya a tsakiya ya ja. Siffarta a wannan lokaci alwatika ce, layi biyu miƙaƙƙu da suka haɗu a kusurwa ƙarƙashin yatsa. Da an saki, bisa hanyar Euler, tsinin sai ya baje. Kusurwar ta rabe biyu, ɗaya ta ruga dama, ɗaya ta ruga hagu, tsakaninsu kuwa layi ne a kwance da ke saukowa yana ƙara faɗi, alhali gefunan da kusurwoyin ba su kai gare su ba suna nan yadda suke, ko motsi ba su yi ba. Da kusurwoyin sun isa baki, tsirkiyar ta miƙe sambal na ƙiftawar ido, sai su juyo, alwatikar ta sake haɗuwa a ɗaya gefen. Kyamarori masu ɗaukar dubban hotuna a daƙiƙa suna nuna wannan siffa a kaɗawar farko, kafin kusurwoyin su dushe.

D'Alembert ya ƙeƙasa ƙasa. Ƙa'idar ta ce ƙaruwar gudu daidai take da lanƙwasa. To a kan kusurwa nawa ce lanƙwasar? Babu lambar da za a ba ta. Ta yaya za a ce an warware ƙa'ida da siffar da ƙa'idar ba ta ma da ma'ana a kanta? Wannan ba taurin kai ba ne kawai, domin da kayan aikin da lissafi ke da su a lokacin, tambayar ba ta da amsa. Euler ya ce kusurwa ɗigo ɗaya ne tak, ba za ta ɓata sauran ba, kuma tsirkiyar gaske na goyon bayansa. A ƙarƙashin musun akwai tambayar da ta fi tsirkiya girma: shin lissafi na magana ne a kan fomula kawai, ko a kan duk wata dangantaka da ke haɗa lamba da lamba, ko da hannu ne ya zana ta? A littafinsa na 1748 Euler kansa ya bayyana irin wannan dangantaka a matsayin fomula, amma a wani littafin na 1755 ya faɗaɗa ma'anarta sosai.

Na uku ya shigo a 1753. Daniel Bernoulli, ɗan gidan lissafi ne gaba da baya. Mahaifinsa, Johann, shi ya koyar da Euler a Basel, Daniel kuma ya taimaka wa Euler ya sami aiki a Rasha, inda suka yi zaman abota. Bernoulli mutum ne mai son gwaji, kuma yana ganin abokan nasa biyu sun nutse cikin alamomi sun manta da kunne. Mai kunnen kirki, in ji shi, yana jin muryoyi da yawa a tsirkiya ɗaya: babbar murya, da wadda ta ninka ta biyu, da wadda ta ninka ta uku, haka har abin da kunne ba ya kamawa. Kowace murya tana da siffarta sumul, lanƙwasa ɗaya, ko biyu, ko uku, irin waɗanda gwajin takarda ya fito da su. Sai ya ce duk motsin tsirkiya, komai sarƙaƙiyarsa, taron waɗannan siffofi ne, kowace da nata kason, kuma yanayin farko shi ke yanke kason kowace.

Wannan magana ta bayyana abin da makaɗa ke yi da hannunsu. In aka ja tsirkiya a tsakiya, murya ta biyu da ta huɗu da ta shida ba sa fitowa sam, domin tsakiya gaɓarsu ce. Ta uku na samun kashi ɗaya cikin tara na girman ta farko, ta biyar kashi ɗaya cikin ashirin da biyar. In kuwa aka ja ta kusa da gindi, ƙananan muryoyin sai su ƙara ƙarfi, sautin ya yi kaifi. Mai kuntigi da ke matsar da hannunsa don sauya amo, yanayin farko yake sauyawa.

Euler da d'Alembert, waɗanda ba sa jituwa a kan komai a wannan batu, sun haɗu a kan cewa Bernoulli ya yi kuskure. Ta yaya taron siffofi sumul zai haifar da kusurwa? Euler ya ƙara da misalin tsirkiyar da aka ɗaga ɗan yankinta kawai, sauran na kwance: yaya siffofin da kowannensu ya mamaye tsawon tsirkiyar duka za su kashe juna daidai wa daida a wani yanki, su bar tudu a wani? Bernoulli ya amsa cewa tunda muryoyin ba su da iyaka, akwai isasshen sarari da za a daidaita kasonsu su bi kowace siffa. Amma ba shi da hanyar fitar da kason kowace murya daga siffar da aka ba shi, don haka maganarsa ta tsaya a matsayin da'awa.

A 1759 wani saurayi ɗan shekara ashirin da uku daga Turin a Italiya, Joseph-Louis Lagrange, ya gwada raba gardama. Ya ɗauki tsirkiya a matsayin zare mai ɗauke da duwatsu ƙididdigaggu, ya warware motsinsu, sannan ya yi ta ƙara yawansu ba iyaka. Sakamakonsa ya karkata ga Euler, kuma ya zo gab da hanyar da Bernoulli ke nema, amma bai yarda da Bernoulli ba. Siyasar fada ma ta shiga. Sarki Frederick na Biyu na Prussia, wanda shi kansa mabushin sarewa ne, ya fi son d'Alembert, har ya yi masa tayin shugabancin Cibiyar Barlin bayan mutuwar shugabanta Maupertuis, alhali Euler ne ke ɗauke da ɗawainiyarta. D'Alembert bai karɓa ba, Euler ma ba a ba shi ba. Daga 1761 d'Alembert ya koma buga raddinsa a cikin jerin littattafan kansa, waɗanda suka kai juzu'i takwas zuwa 1780. Euler ya koma Rasha a 1766, Lagrange ya gaje shi a Barlin. Bernoulli ya rasu a 1782, Euler a watan Satumba na 1783, d'Alembert a watan Oktoba na wannan shekarar, kowa na kan bakansa.

Wanda ya warware ƙullin ba ta hanyar kiɗa ya zo ba. Joseph Fourier, ɗan tela daga garin Auxerre wanda ya taso maraya, ya bi Napoleon zuwa Masar a 1798, daga baya ya zama gwamnan lardi a Grenoble. A can ya duƙufa kan yadda zafi ke ratsa ƙarfe. A watan Disamba na 1807 ya miƙa wa cibiyar kimiyya ta Faris takardar da ya ce a cikinta kowace siffa, mai kusurwa ko mai tsalle, ana iya gina ta da siffofin nan sumul, kuma ya nuna yadda ake fitar da kason kowace. Ana ninka siffar farko da siffar muryar da ake so, sannan a auna filin da ke ƙarƙashin zanen da ya fito. Auna fili kuwa ba ya buƙatar fomula, zanen hannu ma yana da fili a ƙarƙashinsa. Euler ya taɓa gano wannan dabara a 1777, amma bai ɗauka za ta yi aiki a kan kowace irin siffa ba. Cikin waɗanda aka ba duba takardar Fourier akwai Lagrange, yana da shekara saba'in da ɗaya, kuma ya ƙi amincewa. Ba a buga takardar ba. Fourier ya ci kyautar cibiyar da aikin da ya gyara a 1812, amma littafinsa bai fito ba sai 1822.

Hujjar da babu tantama a cikinta ta zo a 1829 daga wani matashin Bajamushe, Peter Gustav Lejeune Dirichlet, wanda ya tabbatar cewa taron siffofin yana komawa ga siffar asali muddin karyewarta da hawa da saukarta ƙididdigaggu ne. Alwatikar makaɗi ta cika wannan sharaɗi. Ashe Bernoulli na da gaskiya, kuma amsarsa da ta Euler abu ɗaya ne da aka rubuta ta fuska biyu. An gane haka ne shekara arba'in da bakwai bayan rasuwar Bernoulli. Tambayoyin da suka biyo baya ne suka sa Bernhard Riemann ya sake fayyace ma'anar auna fili a 1854, suka kuma kai Georg Cantor ga nazarin tarin lambobi marasa iyaka a shekarun 1870. Ita ma kusurwar ta sami shaida daga ɗakin gwaji. A shekarun 1860 Hermann von Helmholtz ya gano cewa tsirkiyar da ake gogawa da baka, dangin ta goge, layi biyu ce miƙaƙƙu da kusurwa a tsakaninsu, kusurwar na zagayawa daga baki zuwa baki sau ɗaya a kowace kaɗawa.

Tambayar d'Alembert ce ta fi daɗewa ba a amsa ba. Me ake nufi da cewa siffa mai kusurwa ta cika ƙa'idar da ke buƙatar lanƙwasa? Sai a shekarun 1930 Sergei Sobolev, wanda ya yi aiki a cibiyar nazarin girgizar ƙasa ta Leningrad, birnin da aka binne Euler, ya shimfiɗa sabuwar ma'ana. Maimakon a gwada ƙa'idar a kan kowane ɗigo, sai a gwada ta a kan matsakaicin kowane ɗan yanki, kuma da wannan ma'auni siffar Euler ta cika sharaɗi ba tare da ha'inci ba. Laurent Schwartz na Faransa ya kammala ginin a shekarun 1940, aka ba shi lambar yabo ta Fields a 1950. An ɗauki kusan shekara ɗari biyu kafin a biya bashin hujjar da d'Alembert ya nema.

Ba banza ba ne masu nazarin girgizar ƙasa suka damu da wannan batu, domin ƙasa ba ta tsagewa sumul. Ran 26 ga Disamba, 2004, ƙasan teku ya tsage a yammacin tsibirin Sumatra, tsagar da ta kai tsawon kimanin kilomita 1,300. Ɓangaren yamma ya ɗaga da mitoci, na gabas ya nitse, ruwan da ke sama kuma ya ɗauki wannan siffa. Wannan shi ne yanayin farko. A teku mai zurfi irin wannan motsi yana bin ƙa'idar da ta yi kusa ƙwarai da ta tsirkiya, sai dai zurfin ruwa ne ke yanke gudunsa, kuma a zurfin mita 4,000 gudun ya kai kimanin kilomita 700 a sa'a. Siffar ta rabe biyu. Wadda ta nufi gabas kwari ne a gabanta, shi ya sa a gaɓar Tailan aka fara ganin teku ya janye ya bar kifi a kan yashi, mutane da yawa suka bi don su gani. Wadda ta nufi yamma tudu ne a gabanta, ta isa Siri Lanka cikin kimanin sa'a biyu, ta kai Somaliya cikin kimanin sa'a bakwai. Fiye da mutum 220,000 suka rasu.

Cibiyoyin gargaɗi na yau aikin da suke yi ke nan cikin mintoci. Daga na'urorin auna girgiza suke ƙiyasta yadda ƙasan teku ya motsa, na'urorin da aka ajiye a ƙarƙashin ruwa su gyara musu ƙiyasin, sannan kwamfuta ta ɗauki wannan siffa, da duk karyewarta, ta tura ta gaba ta faɗi lokacin da ruwa zai isa kowace gaɓa. Tekun Fasifik ya daɗe da irin wannan tsari. Tekun Indiya ba shi da shi a 2004, sai bayan bala'in ƙasashen yankin suka haɗu suka kafa nasu, wanda ya fara aiki a 2006.